Maganin sauro da kujerar mota: Ɓarnar da ke gyaruwa da wadda ba ta gyaruwa a Sabon Birni da Isa

Kujerar fata da ta yi danƙo, ko ta fito da farin tabo mai siffar damtse ko bayan gwiwa, ba baƙon abu ba ne ga masu ɗinkin kujerun mota idan damina ta yi nisa. Mai mota kan ɗora laifin a kan rana ko gumi. Sau da yawa kuwa aikin maganin sauro ne, ko dai wanda fasinja ya shafa a jikinsa kafin ya zauna, ko wanda direba ya fesa ya rufe gilasai ya tafi.

Wata ɓarnar tana fita da ruwa da sabulu, wata sai an kankare an sake shafe, wata kuma ba ta da magani sai farke ɗinki. Abin da ke raba su shi ne irin maganin da ya zuba da irin kujerar da ya zuba a kai. A gabashin Jihar Sakkwato kuwa, maganin da ya fi araha a kasuwa shi ne wanda illarsa ga mai zama a kan kujerar ta fi illarsa ga kujerar.

Abin da ya mayar da mota ɗakin kwana

Sabon Birni na gefen Gulbin Rima, Isa kuma na kusa da Gulbin Bunsuru. Ƙasa ce ta fadama, wadda ruwa ke kwanciya a cikinta har bayan ɗaukewar damina, kuma inda ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka gudanar a 2021 ya gano ƙwayar cutar a jinin kimanin kashi 36 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Sakkwato, alhali a faɗin Najeriya kashi 22 ne. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya.

Rashin tsaro ya ƙara wa lamarin nauyi. A watan Disamba na 2021 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni, suka cinna mata wuta a kusa da Gidan Bawa. 'Yan sanda sun ce mutum 23 suka mutu. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, aka kashe shi a watan Agusta. Hanyar Gundumi zuwa Isa ta shafe shekaru direbobi na ƙaurace mata. A irin wannan yanayi tafiyar dare ta zama ganganci, don haka inda magariba ta riski direba nan ne masaukinsa. Wanda bai da gidan sauka sai ya kwantar da kujera a tasha, kuma gidan sauro ba ya ɗauruwa a cikin Golf ko Sharon. Abin da ya rage masa shi ne ya shafa ko ya fesa.

Akwai kuma kuɗin cizo da kyankyaso, waɗanda ke samun mafaka a ɗinkin kujera da cikin soso, musamman a motar haya da ke ɗaukar mutane da buhuna da tabarmi. Fasinja ɗaya ya fita yana susa, sunan motar ya ɓaci a tasha. Tun kuma da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira ta faɗi, sauya kujeru ya zama babban kashe kuɗi. Kujerar da a da za a yar, yau lallaɓa ta ake yi.

Abin da ke cikin kwalbar

Man shafawa na korar sauro, mafi yawansa sinadarin DEET ne ke aiki a cikinsa. Rundunar sojan Amurka ce ta fara amfani da shi a 1946, aka ba da izinin sayar wa jama'a a 1957, kuma har yau yana cikin magungunan da aka fi amincewa da su a fatar ɗan Adam idan an bi ƙa'ida. Sai dai yana da wata ɗabi'a ta biyu: yana narkar da wasu nau'o'in roba da fenti da vanish. Shi ya sa yake dusashe gilashin agogon roba, yake cin firam ɗin tabarau, yake barin shatin yatsu a jikin sitiyari. Auduga da ulu ba ya yi musu komai. Ana sayar da shi da ƙarfi daban-daban, daga ƙasa da kashi 10 cikin 100 har zuwa kusan tsantsarsa, kuma gwargwadon ƙarfinsa gwargwadon cinsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce abin da ya haura kashi 50 ba ya ƙara wata kariyar kirki, don haka mai sayen mafi ƙarfi kujerarsa kawai yake ƙara wa wahala. Akwai wani sinadarin, picaridin ko icaridin, da kamfanin Bayer na Jamus ya ƙirƙiro a shekarun 1980, wanda ke korar sauro ba tare da ya taɓa roba ba.

Masu ƙera motoci sun san da matsalar. A 2019 kamfanin Ford ya bayyana cewa injiniyoyinsa a Ingila da Jamus na gwada kayan cikin mota da man tsabtace hannu da man kariya daga rana da maganin sauro, saboda an ga suna tsufar da su da wuri.

Gwangwanin feshi, irin su Raid da Mortein da Rambo da ake yi a Kano, lissafinsa daban ne. Abin da ke kashe sauron a cikinsa yawanci dangin sinadaran nan ne da sunayensu ke ƙarewa da "thrin", kamar permethrin. Su ɗin kaɗan ne a cikin gwangwanin. Sauran duk mai ne da ke ɗauke da su da iskar gas da ke turo su, kuma a yawancin irinsu man ɗan'uwan kananzir ne. Shi ke barin maiƙo, kuma idan an fesa dab da kujera har ya jiƙa ta yana iya sassauta shafen da ke kanta. Gas ɗin yana kama wuta. Gargaɗin da ke jikin gwangwani na cewa kada zafi ya wuce digiri 50, alhali a Afrilu zafin inuwa kansa kan haura 40 a Sakkwato, cikin rufaffiyar mota kuwa ya zarce haka da nisa. Akwatin gaban mota ba ma'ajiyarsa ba ce.

Na ukun shi ne fiya-fiya, wanda batunsa ke tafe a ƙasa, domin nasa ya wuce maganar tabo.

Fata ce ko leda?

Kafin a taɓa komai sai an san abin da aka rufe kujerar da shi. Fatar kujerar mota ta saniya ce, an jeme ta a masana'anta, yawanci da gishirin kurom, sannan aka bi ta da fenti, aka rufe fentin da wani siririn shafe na roba mai kama da vanish. Wannan shafen shi hannu ke taɓawa, shi ke hana gumi da shayi shiga, kuma shi DEET ke fara ci. Idan aka ga danƙo, shafen ne ya narke. Idan launi na biyo tsumma, cin ya kai ga fenti. Fatar kanta tana can ƙasa, sau da yawa lafiyarta ƙalau.

Da yawan kujerun da ake kira na fata kuma leda ce ta PVC da aka manna a kan yadi. Ko a motoci masu tsada, inda ake zama da inda ake jingina kaɗai ke zama fata, gefuna da baya leda. Gane su ba wuya: a zura hannu ƙarƙashin kujera a juyo bakin rufin. Bayan fata gashi-gashi ne mai laushi, bayan leda saƙa ce. Ita leda tana da wani mai a cikin jikinta da ke sa ta lanƙwasuwa. Sinadari mai narkarwa na fara kumbura ta, ya kuma janye man, bayan wani lokaci ta bushe ta tsage. Fata takan karɓi gyara. Ledar da ta kai ga tsagewa sai dai a sauya ƙyallen.

Gyaran

Idan yanzu maganin ya zuba, tsumman auduga busasshe za a ɗora a danna ya tsotse, a sauya gefe a sake dannawa. Gogewa ita ce kuskuren farko, domin shafen ya yi laushi a lokacin, tsumma zai kwashe shi ya kuma faɗaɗa tabon. Bayan nan sai ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara kaifi, irin na wankan jarirai, a matse tsumman sosai, a bi wurin daga gefe zuwa tsakiya, a ɗauraye da wani tsumman, a bar shi ya sha iska a inuwa, ƙofofi a buɗe. A ba shi kwana ɗaya ko biyu kafin a yanke hukunci, saboda shafen da bai narke sosai ba yakan sake ƙarfi idan sinadarin ya fice. Maiƙon feshin gwangwani galibi a nan yake ƙarewa.

Abubuwan da hannu ke saurin kaiwa gare su a gareji, wato fetur da kananzir da tina da man birki, kowannensu mai narkarwa ne, zuba su ƙarin gishiri ne a kan miki. Omo da bilic na busar da fata. Man goge takalmi yana ɓoye tabon na yini guda, washegari ya koma bayan farar rigar fasinja.

Idan bayan kwana biyu danƙon na nan, babu man da zai warkar da shi. Shafen ya mutu, sai an cire shi. A nan ne ake gane gwani da mai neman kuɗin cefane. Gwani ba ya gyara tabon shi kaɗai. Yakan ɗauki ƙyallen gaba ɗaya daga ɗinki zuwa ɗinki, domin sabon fenti a tsakiyar tsoho ba ya ɓuya. Zai rufe sauran kujerar da takarda, ya wanke wurin, ya bi shi a hankali da ruwan cire shafen fata ko ɗan sifirit har danƙon ya ƙare, sannan ya lallashe shi da samfefa mai laushi, lamba 600 zuwa sama. Samfefar kafinta tana cinye ƙirar fuskar fatar, kuma wannan ƙira ba ta dawowa. Inda ya yi rami ko ƙananan tsaga sai a cike da abin cike fata mai lanƙwasuwa, kaɗan-kaɗan, ana bari yana bushewa.

Fentin dole ya zama na fata, wanda ake tsinkawa da ruwa. Fentin jikin mota ko na gwangwanin fesa ƙarfe yana ƙyalli ranar farko, amma ba ya miƙewa, da an zauna sau kaɗan sai ya farfashe kamar busasshen tabkin rani. Ana haɗa launi a hasken rana, a gwada a wani lungu da ido ba ya kaiwa, a jira ya bushe, don jiƙaƙƙen launi da busasshe ba ɗaya ba ne. Shafi siriri uku ko huɗu da soso ya fi shafi ɗaya mai kauri. A ƙarshe sai sabon shafen kariya a sama, wanda in babu shi fentin ba zai kai wata guda ba. Kujerar na bukatar kwana ɗaya zuwa biyu ba a zauna ba, da kamar mako guda kafin ta gama ƙarfi. Ga direban haya wannan asarar lodi ce, kuma ita ce dalilin da ya sa da yawa ke zaɓar rigar kujera su rufe abin su huta.

Waɗannan kayan aiki a manyan kasuwanni ake nemansu, Sakkwato ko Kano. Idan fatar ta ƙandare ko ta yage, hanya biyu ta rage: mai ɗinki ya farke ƙyallen ya yanka sabo a kan ma'auninsa, ko a nemo kujerar irin motar a wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, kamar na Ƙofar Ruwa a Kano. Wani lokaci ta biyun ta fi sauƙi.

Akwai abin lura guda da ya shafi rai. Motoci da yawa na Kwatano suna da jakar iska mai kare fasinja a gefen majinginar kujera, da alamar SRS ko AIRBAG a wurin. Ɗinkin wannan gefen an yi shi ne da zaren da zai tsinke idan jakar ta buɗe. Mai ɗinkin da ya maimaita shi da zare mai ƙarfi, ko ya sa rigar kujera mai kauri ta rufe wurin, ya ɗaure jakar ke nan. Kafin a kwance irin wannan kujera kuma sai an cire kan batir, saboda wayar jakar, mai launin ɗorawa, a ƙarƙashinta take.

Me ya hana a kai wa baduku?

Tambaya ce da ta dace a ƙasar da fata ke da tarihi. Jar akuyar Sakkwato, wadda a tsallaken iyaka ake kira jar akuyar Maraɗi, ita ce tushen fatar da fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa suka saye ta daga tashoshin arewacin Afirka suka sa mata sunan Maroko, suka rufe littattafansu masu daraja da ita. Majema na jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, a tausasa ta da mai, dukawa su mayar da ita sirdi da titimi da jaka da gafaka.

Amma ilimin wannan fata bai hau kan kujerar mota ba. Fatar bagaruwa a buɗe take, tana shan mai, shi ya sa man gyaɗa ko man kaɗanya ke farfaɗo da ita. Ta mota a rufe take da roba; man zai tsaya a sama ya tara ƙura, inda kuma shafen ya ɓare ya shige ya yi baƙin tabo, ya hana sabon fenti kamawa. Faci da fatar akuya ma ba ya daɗewa: ba ta kai ta saniya kauri da faɗi ba, rininta kuma na iya zuba idan ya haɗu da gumi. Inda hannun baduku ke da amfani shi ne ɗinki, musamman naɗe sitiyarin da magani ya cinye.

Abin takaici a nan na tattalin arziki ne. Najeriya na da cibiyar nazarin fasahar fata a Samaru, Zariya, da masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa a Kano, amma mafi yawan abin da suke fitarwa fatun awaki da tumaki ne da ake ƙarasa sarrafawa a ƙasashen waje. Fatar saniya kuwa, wadda ita ake yin kujerar mota da ita, kaso mai yawa nata a tukunya yake ƙarewa a matsayin ganda. Jihar da ke kiwon dabbar tana sayen fatar kujera ne a jikin tsohuwar motar da wani ya gama yayinta a Turai.

Fiya-fiya

Sinadarin da ke cikin fiya-fiya shi ne dichlorvos, ana kuma rubuta shi DDVP. Shi ne a cikin Sniper da ire-irensa. Maganin ƙwarin gona ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin masu haɗari ƙwarai. Saboda shi Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. A 2019, bayan yawaitar masu kashe kansu da shi, hukumar NAFDAC ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna daga 1 ga Satumba, ta kuma haramta ƙananan kwalabensa na mililita 100. Wanda ake ɗurawa a tsofaffin kwalabe, a gauraya da kananzir ko abin da mai haɗawa ya ga dama, ba shi da rajista tun asali. Mutane na komawa gare shi ne don yana da araha, kuma don sauro a arewacin Najeriya ya fara jure wa dangin permethrin.

A kan kujera, man da aka gauraya shi da shi ne ke cin shafe, kuma gyaransa bai bambanta da wanda aka bayyana ba. Matsalar ita ce soso. Abin da aka tsiyaya a ɗinki don kuɗin cizo yana gangarawa cikin soso ya zauna, dichlorvos kuma mai saurin zama tururi ne, zafi na ƙara masa sauri. Motar da aka yi wa feshi da dare, aka rufe, aka yi lodi da safe, ɗaki ne ƙarami mai cike da tururin guba, kuma yara da ke kan cinya su suka fi kusa da shi. Yana shiga ta numfashi, yana shiga ta fata. Yana toshe wani sinadarin jiki da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa, sai jijiyoyi su yi ta aiki babu tsayawa: ciwon kai, jiri, dalalar miyau, hawaye, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido, sarƙewar numfashi. A bayan sitiyari, jiri kaɗai ya isa.

Kujerar da ta sha fiya-fiya sai an fitar da ita daga motar, a cire rufin, a wanke da ruwa da sabulu da safar hannu ta roba, a shanya sosan kwanaki a fili inda yara da dabbobi ba sa zuwa. Sosan da warinsa ya ƙi fita a sauya shi. Shi kuwa kuɗin cizo zafi na kashe shi har ƙwansa idan ya kai wajen digiri 50, don haka wanke rigunan kujera da tafasasshen ruwa da shanya kujerun a ranar bazara na rage shi ƙwarai, ko da yake zafin ba koyaushe yake ratsa tsakiyar soso ba, sai an maimaita.

Barin man shafawa don tausayin kujera ba dabara ba ce a inda zazzaɓi ke kisa. Ya wadatar a shafa shi a wajen mota, a jira ya bushe, a wanke tafin hannu kafin a kama sitiyari, a shimfiɗa zanen auduga a kan kujerar.

Wanda alamun gubar fiya-fiya suka bayyana a jikinsa, a fitar da shi sarari, a tuɓe masa kayan da suka jiƙa, a wanke fatarsa da sabulu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja, domin suna iya faɗawa huhu. Maganinsa allurar atropine ce, a asibiti ake yin ta, kuma jinkiri na da tsada. Akwai babban asibiti a Sabon Birni da kuma Isa, amma wanda numfashinsa ya sarƙe yana iya bukatar a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ta kan hanyoyin nan da ba a bi da dare. A tafi da kwalbar, ko da babu rubutu a jikinta, domin warinta da abin da ya rage a ciki na taimaka wa likita ya san da me yake faɗa.